Bitar kwana biyar ba ta isa ma'aikacin lafiya ya riƙe mai cutar HIV ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai albarka domin mu yi magana kan horar da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka su kula da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sauke wani ɓangare na aikin likita a kan nas-nas, ungozoma da malaman asibitocin sha-ka-tafi. Najeriya ta karɓi tsarin a 2014, kuma da dalili, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar, likitocin kuwa sun taru a birane. Damuwarmu ita ce yadda ake horon. A tara mutane a otal kwana biyar, a raba takardu da alawus, a sallame su. Kura-kuran da ke cutar da majiyyaci kuwa a bakin aiki suke fitowa.

A ɗauki gwaji. A tsarin da aka daɗe ana bi, kayan gwajin gaggawa iri uku ne: ana farawa da Determine, in ya nuna akwai cutar a tabbatar da Uni-Gold, in sun saɓa a raba gardama da Stat-Pak. Determine sai ya cika minti 15 ake karanta shi, kuma bayan awa ɗaya ba a yarda da abin da ya nuna. Kayan gwajin ba sa jure zafin da ya wuce digiri 30, alhali ɗakin ajiya mai rufin kwano a watan Afrilu yakan haura 40. Wanda bai san haka ba zai iya shaida wa mai lafiya cewa yana da cutar.

Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. Sauƙinsa ne ke sa a yi sakaci. Mai shan maganin tarin fuka dole a ƙara masa dolutegravir miligiram 50 bayan awa 12, domin rifampicin da ke cikin maganin tarin yana sa hanta ta yi saurin karya dolutegravir ɗin. Mace mai zuwa awon ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini, ko dai ta sha su tare da abinci, ko ta sha maganin HIV awa biyu kafin ƙwayar, saboda sinadarin ƙarfen yana riƙe maganin a hanji. Duk zuwan majiyyaci a tambaye shi tari, zazzaɓi, rama da gumin dare, domin alamun tarin fuka ne.

Ana auna yawan ƙwayar cutar a jini bayan wata 6 da fara shan magani, sai wata 12, sannan duk shekara. In ya wuce 1,000 a kowace mililita ta jini ba a gaggawar canza magani. A zauna da majiyyacin a gano inda yake tsallake sha, wataƙila ɓoyewa yake yi daga iyali ko kuɗin mota ne ya gagara, a sake auna shi bayan wata uku. Jaririn uwa mai cutar kuma ba a yanke masa hukunci da gwajin gaggawa kafin wata 18, domin garkuwar uwarsa ce ke yawo a jininsa. Ɗigon jini ake ɗauka a takarda ta musamman yana da mako shida, a shanya a inuwa, a aika ɗakin gwaji.

Ba a riƙe duk wannan da ji sau ɗaya. Ana bukatar ƙwararre ya riƙa zuwa asibitin aƙalla sau ɗaya a wata, ya zauna kusa da ma'aikacin yana ganin majiyyata, su duba katunan tare, ya bar masa lambar da zai kira in abu ya cije. A horar da mutum biyu a kowane asibiti, domin sau da yawa wanda aka horar shi ne ake yi wa sauyin wurin aiki, masu karɓar magani su dawo su tarar da baƙuwar fuska. A koya musu riƙe sirri, domin a ƙauye malamin asibiti maƙwabci ne ko suruki.

Tsayar da tallafin Amurka a watan Janairun 2025 ya nuna yadda aikin ya rataya a wuyan masu ba da agaji. Muna roƙon gwamnatocin jihohi su sa kuɗin wannan bibiya, har da man babur na mai zagayawa, cikin kasafin hukumomin lafiya na matakin farko, kuma wakilanku su riƙa tambayar kwamishinonin lafiya nawa aka ware.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya daga Kano