Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Masu Sankarar Hanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ni malamin makarantar sakandare ne a Funtuwa. Yau wata huɗu ke nan da muka kai yayana makwancinsa. Sankarar hanta ce ajalinsa, yana da shekara 46, ya bar mata da 'ya'ya shida. Mun karɓi ƙaddara, Allah ya jiƙansa. Amma akwai abin da idona ya gani a jinyarsa wanda ya hana ni sakat, kuma kai ne ya dace ka ji, tunda likita ne kai, a Zariya ka yi karatu, ka san irin marasa lafiyar da nake nufi.

Ciwon ya fara da nauyi a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Kusan wata biyar ana ba shi maganin olsa, aka koma na taifot, aka koma jiƙo da sassaƙe na shawara. Babu wanda ya ce a duba ko yana da ciwon hanta nau'in B, wanda kan jawo sankarar hanta, gwajin da ɗigon jini daga yatsa ya isa. Sai da rama ta bayyana wani ƙaramin likita, Allah ya saka masa da alheri, ya tura shi hoto. Aka ga ƙari babba a ɓangaren dama na hantar, aka ce ya wuce tiyata. Aka ambata mana wani irin gashi da ake kai wa ƙarin shi kaɗai, sai dai likitocin da muka gani ba su iya nuna mana inda za a yi shi a gida ba. Muka sayar da gonar gado da motarsa, abokan kasuwa suka yi karo-karo, na raka shi Indiya.

Da aka ce gashi, na ɗauka na'ura ce za a kwantar da shi a ƙarƙashinta. Ashe wannan daga ciki ake yi. Likitan ya zana mana a takarda: lafiyayyar hanta tana samun mafi yawan jininta daga babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji, shi kuwa ƙarin daga wata jijiya daban yake sha. Sai a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har ya kai ga wadda ke ciyar da ƙarin, a saki wasu 'yan ƙwayoyi da suka fi gashin kai siranta, ɗauke da sinadarin da ake kira Y-90. Su maƙale a cikin ƙarin, su ƙona shi daga ciki. Zafinsu ba ya tafiya nesa, yawanci milimita 2 zuwa 3, iyakarsa kamar 11, shi ya sa sauran hantar take tsira. Ƙarfinsa kuma yana raguwa da rabi duk bayan awa 64, don haka ba a ajiye shi a kanta. Da sunan mara lafiya ake odarsa, ya iso a ranar da aka tsayar.

Kafin ranar sai da aka yi masa gwaji da wani sinadari mara ƙarfi, don a ga ko ƙwayoyin za su zarce zuwa huhu ko tumbi. Ya tsallake. Ranar aikin ba a ma sa shi barci ba, wurin kawai aka kashe. Ya ce mini yana jin maganarsu yana ta salati a zuci. Ya kwanta awanni ba ya motsa ƙafar, washegari aka sallame mu. Mako uku ya yi cikin wata irin kasala, daga gado zuwa banɗaki sai ya huta, ga tashin zuciya da ɗan zazzaɓi da yamma. Gashin kansa bai zube ba, abin da ya fi tsoro ke nan saboda kada Inna ta gani ta gane. Bayan wata uku hoto ya nuna tsakiyar ƙarin ya mutu. Ya koma shagonsa, shi ya karɓi sadakin 'yarsa ta fari da hannunsa. Wata 14 ya yi bayan aikin kafin wasu sababbin ƙari su fito a ɗaya ɓangaren.

Ba zan yaudare ka ba, ba ka kuma yaudaruwa a wannan fanni. Tun ranar farko likitan ya gaya mana cewa ga mai ƙari irin nasa wannan ba warkewa ba ce. Babban binciken da aka yi a Faransa, wanda aka fitar a 2017, ya nuna cewa ga waɗanda ciwon ya yi nisa, gashin bai ƙara tsawon kwana a kan ƙwayar sorafenib da ake sha don sankarar hanta ba, sai dai wahalarsa ta fi sauƙi. Wanda bai yi jinya ba zai raina wannan sauƙin. Ni da na ga yayana zaune a shago yana ciniki, ba kwance ana juya shi ba, ban raina ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai wani bawan Allah ne daga Kano da muka zauna masauki ɗaya. Shi ma gida ya sayar. Da ya iso idanunsa sun riga sun yi ɗorawa, ciki ya tara ruwa. Aka auna jininsa aka ce hantar ba za ta ɗauki gashin ba, in an yi ma shi zai ƙarasa ta. Ɗansa ya zo ɗakinmu da dare ya zauna bai ce komai ba, sai can ya tambaye ni ko na san yadda ake sauya ranar tikiti. Kuɗi bai gaza musu ba, ranka ya daɗe. Latti suka yi, kuma a gida aka yi lattin.

Na ji daɗi da aka buɗe cibiyar sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a watan Yulin 2025, tare da na Inugu da Benin. Allah ya saka da alheri. Roƙona shi ne kada a manta da hanta a cikinsu. Akwai gashin da ake yi daga waje da na'ura, a saita shi daidai kan ƙarin, a gama cikin zama 3 zuwa 5. A horar da ma'aikata a kai, a kuma fito a gaya wa likitocin ƙananan asibitoci inda ake yi, don su san inda za su tura mutum. A horar da likitocin da ke aiki ta cikin jijiya, ko da cibiya ɗaya ce a Arewa. Asusun tallafin masu sankara kuma da na mama da na bakin mahaifa da na furostet (wata gaɓa ta maza kusa da mafitsara) ya fara. A sa hanta a ciki, domin magidanta take ɗauka suna tsakiyar ƙarfinsu.

Sai dai ko an kawo na'urar duniya, mutanenmu za su ci gaba da isowa irin na mutumin Kano muddin ba a neme su tun suna tafiya da ƙafarsu ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Yawancinsu tun suna yara suka ɗauka, wajen haihuwa ko ta aska ɗaya ta wanzami, ba su kuma sani ba. Ga gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, waɗanda gubarsu ke haɗuwa da ƙwayar cutar su ƙarasa hanta. Maganin tenofovir da ke danne wannan ƙwaya shi ne ake bai wa masu cuta mai karya garkuwar jiki kyauta, amma mai ciwon hanta sai ya je kemis da kuɗinsa duk wata. Wannan bambanci ya kasa shiga kaina. Hoton ciki da gwajin jini duk wata shida kuwa, su ne ke kama ƙari tun yana ƙarami, lokacin da tiyata ko gashi za su iya raba mutum da shi. A sa su cikin inshorar lafiya. Lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya a matakin farko, sarakuna ka bi har aka karɓi rigakafin shan inna a garuruwan da suka ƙi. Hanyar tana nan, da hakimai da limamai da sarakunan aska.

Bayan rasuwar yayana muka je gwaji mu bakwai 'yan ɗaki ɗaya. Uku muna da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, har da ni, har da autarmu da ke da ciki wata bakwai yanzu. Likita ya ce jaririnta na bukatar allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Na je asibitin unguwarsu na tambaya, aka ce mini ranar Talata suke allurar yara. Na ce in ta haihu daren Laraba fa? Ma'aikaciyar ta ce sai mu dawo Talata. Ina roƙonka ka ba da umarni a ajiye wannan allura a kowane ɗakin haihuwa, dare da rana, a kuma san yadda za ta kai ga waɗanda ungozoma ta karɓa a gida. Wata biyu ya rage wa ƙanwata.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wani malamin makaranta daga Funtuwa, Jihar Katsina