Bayanan Ɗalibai Amana Ne a Hannun Jami'o'i

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ina neman ɗan fili domin in ja hankalin hukumomin jami'o'i kan bayanan ɗalibai da suke tarawa ta intanet. Sunan ɗalibi da hotonsa da makinsa, har da bayanin lafiyarsa, galibi suna hannun kamfanonin da aka ba kwangila ne, kuma a nan gizo ke saƙar. A shekarar 2023 masu kutse sun shiga manhajar MOVEit da ake amfani da ita wajen tura fayiloli, suka kwashi bayanan ɗaliban makarantu kusan 900 a Amurka, alhali ƙasar tana da dokar kare bayanan ɗalibai tun 1974.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin sa ido a jarrabawa, waɗanda ke leƙa ɗakin ɗalibi ta kyamara. Wanda ya ƙi amincewa zai iya rasa jarrabawarsa, to ina yardar take? Ya kamata kowace yarjejeniya da kamfani ta fayyace abin da za a tara da ranar goge shi, ta kuma haramta sayar da shi.

Naka,
Wani malamin jami'a