A daina ce wa yara kebul kaɗai zai haɗa iPod da PSP

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da nake ta gani yana yawo tsakanin matasa masu son gem, musamman yanzu da tsoffin na'urori suka dawo yayi, kowa yana tono PSP ɗin yayansa, wato na'urar gem ta hannu ta kamfanin Sony, da iPod, na'urar jin waƙa ta kamfanin Apple, da aka manta da shi a durowa. Abin da ake gaya musu shi ne wai ka samu kebul ka jona iPod ɗinka da PSP shikenan ka samu ƙarin wurin ajiya, gem zai riƙa tashi kai tsaye daga cikin iPod. Wallahi ba haka abin yake ba, kuma ina jin takaicin yadda yara ke ɓata kuɗinsu wajen sayen kebul kala kala suna zaton nasu ne bai da kyau.

Ni na gane dalilin da ya sa tunanin yake shiga rai, don tun farkon fitowar PSP a Japan ƙarshen 2004, sannan Amurka da Turai a 2005, matsalar kenan. Sony ta ɗaure na'urar da katinta na kanta, Memory Stick Duo, wanda ake haɗowa da shi a kwali ma mega 32 ne kacal, waƙa bakwai ko takwas ka saka ya cika, alhali faifan UMD guda ɗaya da gem ke zuwa a kai yana ɗaukar har giga 1.8. A gefe guda kuma ga iPod, wanda tun na farkonsa a 2001 giga 5 ne a cikinsa, zuwa 2007 Apple ta kai shi giga 160. Toh mutum yana riƙe da wannan a aljihun dama wancan a na hagu, dole ya ce me zai hana in haɗa su.

Abin da ya hana shi ne yadda aka gina USB tun asali. A duk haɗin USB sai an samu ɗaya mai ba da umarni, ɗaya mai karɓa, mai ba da umarnin shi ke tambayar wane ne ka, shi ke ba da wuta, shi ke cewa miƙo fayil kaza. Kwamfuta ita ce aka saba ta yi wannan aikin. PSP idan ka shiga wurin haɗin USB ɗinta abin da take yi kawai shi ne ta miƙa katinta ta zauna tana jiran kwamfuta, iPod ma haka yake yi, to ka ga idan ka jona su da juna kamar fasinja biyu ne suka shiga mota suka zauna babu direba, ko shekara za su yi ba inda za su je. Ba laifin kebul ba ne, kuma babu wani saiti a cikin menu da zai gyara wannan.

Wasu za su ce ai Apple ta taɓa fitar da wani ɗan abu a 2005 da ake maƙala wa iPod a kwashe hotuna daga kyamara. Gaskiya ne, amma wannan hotuna aka yi shi ya ja, kuma hanya ɗaya yake bi, daga waje zuwa cikin iPod, ba ya mayar da komai. Mai son ya tura fim ko gem zuwa PSP bai ƙaru da komai ba a nan.

Amma fa ba cewa nake iPod ɗin ba shi da amfani ba, yana da shi sosai in dai an ɗauke shi a matsayin ma'ajiya ana bi ta kwamfuta. Tsoffin iPod irin su classic da mini da nano suna da tsarin da za ka kunna a iTunes, manhajar Apple ta zuba musu waƙoƙi, su fito a kwamfuta kamar filash, sai ka buɗe folda ka sa mata suna, ka jona PSP a ɗaya ramin USB na kwamfutar, ka riƙa jan kaya daga nan zuwa can. Abin da na fi so matasa su kula da shi shi ne foldar nan SAVEDATA da ke cikin foldar PSP a kan katin, nan ne gem ke ajiye duk inda ka tsaya, ƙaramar aba ce ba ta cin wuri amma ranar da katin ya lalace, kuma katunan nan sun tsufa, na jabu ma sun yi yawa, duk wahalar watanni ta tafi kenan. Kwafe ta zuwa iPod bai fi minti ɗaya ba. Finafinai da waƙoƙi ma haka, ka tara su can, in za ka yi tafiya ka zaɓi biyu ko uku ka zuba a kati, ka dawo ka canza.

Sai dai a kula da abu biyu uku. iPod ɗin da aka fara saita shi a kan Mac, wato kwamfutar Apple, tsarin ajiyarsa HFS+ ne, Windows ba za ta karanta shi ba, za ta ce maka kawai a yi masa fomat, kuma in ka danna eh komai na ciki ya tafi, don haka a tsaya a karanta kafin a danna. Wanda aka saita a Windows kuma FAT32 ne, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, ko da kuwa fili ya yi yawa. Sannan waƙoƙin da iTunes ya zuba ba za ka gan su a fili ba, suna cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna iPod_Control an canza musu suna zuwa haruffa huɗu huɗu marasa ma'ana, kar wani ya ga haka ya ce shara ce ya goge. iPod touch kuma a bar shi gefe, shi ba ya fitowa a matsayin filash irin na sauran.

Akwai kuma maganar lafiyar na'urar kanta wadda ba a cika faɗa ba. A cikin iPod classic ɗan ƙaramin faifai ne mai juyawa, faɗinsa inci 1.8, in ka kara shi a kunne za ka ji ya tashi yana ɗan ƙara sai kuma ya yi shiru. An tsara shi ne ya juya na ɗan lokaci ya kwaso waƙoƙi ya zuba a memori ya kwanta ya huta, to ko da ma a ce PSP za ta iya karanta shi kai tsaye, gem ba ya barin faifai ya huta, zafi zai yi, batir ya zube, kuma mai buga gem ba ya riƙe na'ura shiru, girgiza ta yake, ita kuwa girgiza ita ce ajalin irin wannan faifan. Apple ta daina yin classic tun 2014, wanda ya mutu samun kayan gyaransa sai an sha wuya.

Wanda matsalarsa wuri ne a kan PSP ɗin kanta, hanya mafi sauƙi ita ce adafta da ake zura wa ƙaramin katin microSD ta shiga ramin Memory Stick, a yi masa fomat daga cikin PSP ɗin, a ci gaba da harka. Ni dai har yau ina ganin kamfanin Sony bai kyauta wa masu sayen kayansa ba da ya ƙi katin da kowa ke amfani da shi, kuma da Vita, wadda ta gaji PSP, ta fito ma sai ya sake ƙirƙiro wani katin na daban wanda ba ya shiga komai sai ita, alhali Nintendo Switch microSD na gama gari take ci.

Roƙona ga shafinku na kimiyya da fasaha shi ne ku riƙa taɓo irin waɗannan ƙananan abubuwa da Hausa, ko da sau ɗaya a wata ne, a nuna wa yara da hoto inda ake shiga da inda ake dannawa, don yawancin bayanin da ke intanet da Turanci yake kuma da yawansu bidiyo kawai suke kallo su kwaikwaya ba tare da sun ji gargaɗin da ake yi a ciki ba.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta ku kullum