Zuwa ga ɗana, kafin zaman kwamitinku

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Yayarka ta faɗa mini an sa ka cikin kwamitin da zai zaɓi sabon shugaban kamfaninku, kuma an ji ka kana cewa matar da ke cikin masu neman kujerar ta cancanta, sai dai maza ba za su bi ta ba. Tun da maganar nan ta shiga kunnena barci ya ƙaurace mini.

Ka san inda na fara jin irinta, ranar da aka ɗora mini a kai wanda ni na koya wa aiki. Kada ka ɗauka shirun da na yi yarda ce; kuna ƙanana a lokacin, kuma albashin nan ne ke riƙe da gida.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne za ka yi zalunci zuciyarka kwance, kana kiransa hangen nesa. Mutum yakan hango cancanta a wurin wanda suka yi kama, a jinsi ko harshe ko addini, har ya rantse ƙwarewa kaɗai ya duba. Shi ya sa ƙasar Norway ta kafa doka a 2003 cewa a hukumar gudanarwar manyan kamfanoni kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 40 cikin 100, Tarayyar Turai ma ta bi sahu a 2022. Kai da ka ga hawayena, sai doka ta tilasta maka? Wallahi ka ba ni kunya.

Ban ce ka zaɓe ta don tana mace ba. Binciken Michelle Ryan da Alex Haslam na 2005 a Birtaniya ya nuna an fi naɗa mata sa'ad da kamfani ya riga ya shiga matsala, kuma ka san wanda ake ɗora wa laifi daga baya. In kun ba ta, ku ba ta da cikakken iko. Ku rubuta sharuɗɗan kujerar kafin ku tattauna sunaye, ku yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowannenku ya ba da makinsa shi kaɗai kafin babbanku ya buɗe baki.

Wataƙila an ƙara wa maganar gishiri kafin ta iso ni. In haka ne, ka yafe mini zafin. Ka kira ni kafin ku zauna. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka