Sauya launi kaɗai ba hujja ba ce a aikin ƙwayoyin nano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili domin in yi tsokaci kan labarin da kuka buga a shafin ilimi, na ɗaliban da aka ce sun haɗa ƙwayoyin nano, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake auna girmansu da nanomita, da ruwan ganyen zogale da na darbejiya. Ba ƙyashi nake yi wa yaran ba. Na koyar da kemistiri har furfura ta cika mini kai, kuma na san wahalar tsayuwa a ɗakin gwaji cikin zafin bazara, ba wuta ba fanka. Abin da ya dame ni shi ne hujjar da aka kafa: wai ruwan ya sauya launi, saboda haka aiki ya yi. Ba a faɗa mana girman ƙwayoyin ba, ba a ce ko girmansu ɗaya ba, balle siffarsu. Alhali a wannan fanni waɗannan tambayoyi su ne aikin baki ɗaya.

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ɗauki sinadarin kadmiyum selenaid, wanda yake cikin jinsin semikondokta, wato abubuwan da wutar lantarki ke ratsa su tsaka-tsaki. In dunƙule ne babba, baƙi-baƙi yake, ba abin kallo. Amma in aka ƙanƙantar da shi zuwa 'yan nanomita, sai wuri ya yi wa ilektiron ɗin da ke ciki ƙunci, kuma gwargwadon ƙuncin, gwargwadon yadda launin hasken da zai fitar ke sauyawa. Ƙwaya mai kusan nanomita 3 tana ba da kore, mai kusan nanomita 6 tana ba da ja. Sinadarin bai canza ba, girma ne kawai ya bambanta. Don haka wanda kwalbarsa ta haɗa manya da ƙanana ba shi da launi ko ɗaya mai tsafta.

Alexei Ekimov ya ga wannan a 1981 a Leningrad ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, cikin gilashin da aka sa wa sinadarin kofa kuloraid. Louis Brus ya gan shi a 1983 a ɗakin bincike na Bell a Amurka, cikin ruwa mai ɗauke da kadmiyum salfaid. Amma ƙwayoyin wancan lokaci ba su da inganci, girmansu kuma barkatai. Sai a 1993 Moungi Bawendi na jami'ar MIT, tare da ɗalibansa Christopher Murray da David Norris, suka fito da hanyar da ta warware matsalar. Su ukun, Ekimov da Brus da Bawendi, su ne suka karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 2023. A birnin Faris aka haifi Bawendi, mahaifinsa kuwa ɗan Tunisiya ne masanin lissafi, wannan dai don masu son jin inda Afirka ta shigo. A lura: shi Bawendi ba don ya fara ganin abin aka karrama shi ba, don ya iya sarrafa girman ne.

Ga yadda suka yi. A kwalbar gwaji mai baki uku aka zuba wani sinadari mai maiƙo da ake kira TOPO, aka kore iska da gas ɗin argon, aka dafa shi zuwa wajen digiri 300. Sannan aka ɗura kadmiyum da seleniyum da sirinji, a tashi ɗaya. Cikin ƙiftawar ido ruwan ya cika maƙil da sinadarin fiye da abin da zai iya riƙewa, sai 'ya'yan kiristal suka tsiro bila adadin. Shi kuma ruwan allurar, da yake mai sanyi ne, ya sauko da zafin kwalbar nan take, tsirowar sababbi ta tsaya cak. Daga nan sai a ɗaga zafin sannu a hankali, waɗanda suka riga suka tsiro su yi ta girma tare, mai aiki yana ɗibar kaɗan-kaɗan yana aunawa, in girman da yake so ya kai sai ya cire wuta. Kowane manomi ya san wannan: gonar da aka shuke rana ɗaya bayan ruwan shuka kai ɗaya geronta ke tashi, wadda aka yi wata guda ana bi da iri kuwa wani ya yi kai wani bai wuce gwiwa ba. Ita wannan dabara ta raba lokacin tsiro da lokacin girma, Victor LaMer ya bayyana ta tun 1950, a kan ƙwayoyin farar wuta.

Ko da haka sai da suka tace. Suna ɗiga mesanol cikin ruwan ƙwayoyin, manya su fara kwantawa, a kwashe su, a sake, har bambancin girma ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100. Akwai kuma wani tarko: in abincin da ke cikin ruwan, wato kadmiyum da seleniyum ɗin da ƙwayoyin ke girma da su, ya ƙare aka bar kwalbar a wuta, ƙananan ƙwayoyi sukan narke, manya su haɗiye abin da ya narke, tazara ta sake buɗewa. A 1998 Xiaogang Peng da Paul Alivisatos a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka nuna cewa muddin abincin na da yawa, ƙanana sun fi manya saurin girma, suna cim musu. Sai ya zama ƙarin allura a kan kari yana daidaita girman.

Batun siffa ne ya fi shafar masu ganye, kuma a nan nake so a saurara. Kiristal ɗin kadmiyum selenaid fuskokinsa ba iri ɗaya ba ne. In wani sinadari ya manne wa fuskokin gefe da ƙarfi, girma sai ya bi ta tsawo, a samu sanda maimakon ƙwallo. A shekarar 2000 mutanen Alivisatos suka buga yadda ake yin haka, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne dattin da ke cikin TOPO na kasuwa, wanda tsaftarsa kashi 90 ce kawai. Wannan datti ne ke rage gudun girman. Da suka gane haka sai suka ɗauki TOPO mai tsafta, suka auna asid ɗin fosfonik da hannunsu suka zuba, suka samu sanduna, da masu kan kibiya, da masu ƙafa huɗu. To in ɗan datti a kwalbar kamfani ya isa ya juya sakamako haka, ina ga ruwan ganye, mai sinadarai iri-iri da ba wanda ya auna, waɗanda na damina daban, na rani daban, na bishiyar bakin rafi daban da na tudu? Ban ce a daina aikin ganye ba, yana da arha kuma ba shi da haɗari sosai. Amma wanda ya yi shi, nauyin aunawa ya fi yawa a kansa.

Na san amsar da za a ba ni: ba mu da babbar na'urar ilektiron ta ganin ƙwayoyi, turawa waje kuma kuɗi ne. Gaskiya ne, amma ba ta rufe ƙofa ba. Sinadarin kadmiyum da su Bawendi suka yi aiki da shi mugun guba ne mai tsada da ba ya son iska. A 2001 Peng, a jami'ar Arkansas, ya maye gurbinsa da garin kadmiyum oksaid. Yau akwai gwajin da ɗaliban digirin farko ke yi a Amurka da wannan gari da asid ɗin oleyik a digiri 225, suna ɗiba bayan 'yan daƙiƙu, su jera kwalabe daga rawaya zuwa ja. Kuma tun 2003 akwai jadawalin da ke fitar da girman ƙwayar kadmiyum selenaid daga inda ta fi shan haske, abin da na'urar UV, mai auna yadda ruwa ke shan haske, ta sassan kemistiri da yawa za ta iya aunawa. Faɗin tudun da na'urar ta zana ma yana nuna ko girman ya zo ɗaya. Sai dai duk sashen da zai taɓa kadmiyum ya tanadi inda zai tara dagwalonsa, kada a tuttula shi a kwata. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Saboda gubar kadmiyum ne ma kamfanin Samsung ke amfani da indiyum fosfaid a madadinsa a talabijin ɗinsa na QLED.

Roƙona ga wakilanku, Malam Edita, in an sake gayyatarsu ganin irin wannan aiki, su tambaya: nanomita nawa ne, da me aka auna, kuma da aka sake haɗawa wani mako, girman ya dawo yadda yake? A buga amsar tare da hoton kwalbar.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Malamin kemistiri mai ritaya,
Funtuwa, Jihar Katsina.