Waƙar Ƙasa Daban, Waƙar Mai Mulki Daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirin da kuka gabatar daren 1 ga Oktoba, wanda kuka ce na waƙoƙin kishin ƙasa ne. Na saurare shi tun daga sallama har bankwana, rediyo a kan cinyata, kuma na kwanta raina ba daɗi. Cikin waƙoƙin da kuka sa, in ka ɗebe taken ƙasa da wata guda ɗaya, sauran duk yabon masu riƙe da mulki ne: wane ya yi titi, wane gwarzo ne, maƙiyan wane su mutu da haushi. Matashin da ya ji shirin nan zai ɗauka cewa son ƙasa shi ne son wanda ke kan kujera.

Ni ba malami ba ne, ranka ya daɗe. Tsohon mai sayar da kaset ne. Sama da shekara 20 na yi a rumfata a kasuwa kafin wayar hannu da masu tura waƙa a mimori su tashe mu. Na sayar da na Hausa, na Indiya, na Sudan, na Masar, na Kwango, kuma abin da ya wuce ta hannunka shekara da shekaru dole ka san halinsa. Duk lokacin zaɓe mukan cika kwali da kaset ɗin waƙoƙin 'yan takara, ana rububinsu kamar tsire ranar salla. Wata biyu bayan rantsuwa ko kyauta ka ba mutum ba ya karɓa. Sai mu kwashe su mu goge, mu ɗora wata waƙa a kai. Amma ban taɓa goge waƙar haɗin kan Afirka ta Alhaji Abubakar Ladan Zariya ba, Allah ya jiƙansa. Kullum akwai mai nemanta: dattijo, ɗan makaranta, direban babbar mota mai zuwa Agadas. Ba ta roƙi kowa ba, ƙasashen Afirka ta jera tana kiran su da su so juna, kuma har yau in aka sa ta sai ka ga mutane sun yi tsit.

Kada a ce na raina roƙo. Sana'a ce mai asali, kuma makaɗan fada da irin su Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata sun bar mana Hausar da ba za mu iya biyan su ba. Maroƙi ya wasa ubangidansa, a yi masa kyauta, kowa ya san abin da ake ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan a sa masa rigar ƙasa, har wanda bai yi amshi ba a ce ba ya kishin ƙasarsa.

Mutumin da ya fara buɗe mini ido a kan wannan Basudane ne, Muhammad Wardi. Alhazai da ɗalibanmu masu dawowa daga Khartum su suka riƙa kawo mana kaset ɗinsa, mu kuma mu kwafa. Da farko kiɗan kawai nake ji, sai wani abokin cinikina da ya yi karatu a can ya riƙa zama yana fassara mini. Wardi ɗan ƙabilar Nuba ne daga arewacin ƙasar, an haife shi a 1932, kuma malamin makaranta ne kafin waƙa ta ɗauke shi. Lokacin da mutanen Sudan suka fito a Oktoban 1964 suka kawar da mulkin soja na Janar Abbud, muryarsa ce ta zama muryar wannan nasara. Da Numeiri ya karɓi mulki a 1969, Wardi ya yi masa maraba, don yana zaton alheri ne ya zo. Ba a daɗe ba suka raba gari, aka jefa shi kurkuku. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 ya bar ƙasar, ya yi fiye da shekara goma yana gudun hijira kafin ya koma gida, inda ya rasu a 2012. Ka duba, gwamnatoci sun ɗauke shi maƙiyi, amma da matasa suka yi zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a 2019, waƙoƙinsa na cikin abin da suke rerawa, alhali yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka yi su. Ya yi kuskure, ya yabi soja, ya kuma biya kuɗin kuskuren da jikinsa. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne Sudan ɗin da yake wa waƙa: kogin, manoman, matan da ke jiran 'ya'yansu. In na tuna halin da ƙasar nan take ciki tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, na kuma ji muryarsa, wallahi hawaye nake yi.

Akwai kuma waƙar da ake yi ranar da ƙasa ta sha kashi, kuma a ganina ita ce ma'aunin gaskiya, don ranar nasara kowa mawaƙi ne. Duk Bahaushen da ya taso da finafinan Indiya ya san muryar Lata Mangeshkar ko bai san sunanta ba. A 1962 Sin ta ci Indiya da yaƙi a kan iyaka. A Janairun 1963 Lata ta tsaya a Delhi gaban Firaminista Nehru ta rera waƙar tunawa da sojojin da suka mutu a kan duwatsu, har Nehru ya zub da hawaye. Babu zagin kowa a cikinta, kira ne kawai ga mutanen ƙasa su tuna waɗanda ba su dawo gida ba. Haka Ummu Kulsum ta Masar bayan yaƙin 1967, da Isra'ila ta ragargaza sojojin ƙasarta cikin kwana shida. Tana da shekaru a lokacin, ga suna, ga dukiya, ba abin da take nema. Ta tashi ta bi garuruwan Masar da ƙasashen Larabawa, har birnin Paris a Nuwamban shekarar, tana waƙa tana miƙa wa ƙasarta kuɗin da aka tara. Gaskiya ne tana kusa da shugaban ƙasarta Jamal Abdul Nasir, ta kuma yabe shi. Amma a wannan tafiya ita ce ta bayar, ba ita aka ba ba, kuma Misirawa sun san bambancin. Shi ya sa da ta rasu a 1975 miliyoyi suka cika titunan Alƙahira.

In kuwa gwamnati ce ke ciyar da mawaƙi, to, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ahmed Sekou Toure na Gini, bayan ƙasarsa ta ƙi tayin Faransa na ci gaba da zama a ƙarƙashinta a 1958, ya kafa ƙungiyoyin kiɗa na gwamnati, ya saya musu kayan aiki, ya sa musu albashi, ya ce su bar kwaikwayon Turawa su koma kiɗan gida. An sami abin kirki, ba na musu. Ƙungiyar Bembeya Jazz ta yi doguwar waƙa a kan Samori Toure, jarumin da ya yaƙi Faransawa 'yan mulkin mallaka, wadda duk Afirka ta Yamma ta ji. Amma a daidai wannan lokaci mutane na mutuwa da yunwa a kurkukun Boiro a Konakiri, kuma ba makaɗin gwamnati ko ɗaya da ya isa ya ce uffan. A Kwango ma, ƙasar da Grand Kalle ya yi wa shahararriyar waƙar samun 'yanci a 1960, mawaƙi Franco da duk girmansa sai da ya yi wa Shugaba Mobutu waƙar neman ƙuri'a a 1984, a zaɓen da Mobutu kaɗai ne ɗan takara.

Kada a ce wannan ciwon Afirka ne. A Amurka, cikin Maris na 2003, ana saura kwanaki a afka wa Iraƙi, wata mawaƙiya ta ƙungiyar Dixie Chicks ta faɗa a wajen wasa a Landan cewa ba sa goyon bayan yaƙin, kuma suna jin kunyar shugaban ƙasa ɗan jiharsu ta Texas ne. Nan da nan gidajen rediyo da dama suka daina sa waƙoƙinsu, aka tara faya-fayensu ana farfasawa, aka kira su maciya amana. Bayan 'yan shekaru Amurkawa da yawa suka dawo kan ra'ayin da aka tsine musu a kansa.

Mu ma nan gida mun gani. Mawaƙi Fela Kuti ya yi wa sojoji waƙar da ta yi musu zafi, sai a Fabrairun 1977 sojoji kusan 1,000 suka far wa gidansa a Legas suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, matar da ta yi gwagwarmayar neman 'yancin ƙasar nan tun kafin a haifi yawancin waɗanda suka jefo ta. Ta rasu a shekarar da ta biyo. Ni ba na son salon rayuwar Fela, kuma ban ɓoye ba ko a lokacin da nake sayar da kaset ɗinsa. Amma mutumin da aka kama sau da dama, aka daka, yana da hanyar komawa Turai ya zauna lafiya ya ƙi, ba ni da bakin cewa ba ya son Najeriya. Tun kafin shi, Malam Sa'adu Zungur ya tsaya ya faɗa wa Arewa da sarakunanta gaskiya a waƙe, ya gargaɗe su a kan jahilci da zalunci. A wancan lokacin wasu sun ga kamar rashin kunya ce. Yau sunansa ake sa wa makarantu. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Akwai waƙar da ke cewa mu so junanmu, akwai kuma wadda ke cewa mu so junanmu domin ga maƙiyinmu can, kuma kiɗansu iri ɗaya ne, sai mai lura ke rabe su. A Ruwanda akwai mawaƙi Simon Bikindi, gwani ne na gaske, ya san kiɗan gargajiyar ƙasarsa kamar yunwar cikinsa. Waƙoƙinsa na kiran 'yan Hutu ne su haɗa kai su tuna tarihi. Gidan rediyon RTLM ya riƙa sa su dare da rana a 1994, lokacin da aka kashe mutum kusan 800,000, yawancinsu 'yan Tutsi, cikin kwana 100. Masu riƙe da adduna a shingayen hanya suna jin su suna amshi. A Disamban 2008 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure shi shekara 15, bisa kiran kisa da ya yi da lasifika daga cikin mota, ta kuma tabbatar an yi amfani da waƙoƙinsa wajen hura wutar ƙiyayya. Ina so ka lura, ranka ya daɗe, waƙar ba ta da ƙafa. Rediyo ce ta kai ta kowane ƙauye.

Ban ce mun kai can ba, Allah ya kiyaye. Amma mun taɓa leƙa bakin ramin. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 mawaƙanmu sun ƙarfafa wa sojoji gwiwa don ƙasa ta zauna ɗaya, kuma sun yi abin da ya kamata. Sai dai a cikin waƙoƙin lokacin akwai waɗanda zambonsu ya wuce kan Ojukwu ya faɗa kan jama'arsa baki ɗaya, kuma irin waɗannan kalmomi ba sa mutuwa ranar da aka ajiye bindiga. Kwanan nan ma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe iyaka aka yanke wuta ana maganar kai yaƙi, wayoyinmu sun cika da waƙoƙi daga nan da can. Wasu sun yi kyau ƙwarai, suna cewa Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya, Daura da Damagaram ba mai raba su. Wasu kuma gori ne da habaici tsakanin 'yan'uwa. Ƙanwata tana aure a Maraɗi. Wata rana jikana ya shigo gida yana rera wani baiti na cin mutuncin mutanen Nijar, bai ma san ma'anarsa ba, daɗin kiɗan ne ya ja shi. Na zaunar da shi na tambaye shi, 'ya'yan gwaggon babanka da kuke wasa da su da salla, su ma suna ciki? Ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Yaro ɗan shekara tara ke nan, kuma ba wanda ya aike shi, a iska ya tsinta.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. In za ku sake yin irin wannan shiri, ku ware waƙoƙin siyasa ku kira su da sunansu, in ma an biya kuɗin sa su ne ku faɗa, kamar yadda kuke yi wa tallar sabulu. Filin kishin ƙasa kuwa ku buɗe ma'ajiyarku, na san akwai tsofaffin faya-faye da ƙura ta rufe. Ku sa Abubakar Ladan. Ku sa Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa yana ba talaka haƙuri yana faɗa wa mai hali gaskiya. Ku samo mai jin Larabci ya fassara wa jama'a baiti biyu na Wardi, ku ba da labarin Miriam Makeba, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta hana komawa Afirka ta Kudu jana'izar mahaifiyarta a 1960, ta yi shekara 30 a waje tana wa ƙasar waƙa. Kafin ku sa kowace sabuwar waƙa, wani babba a cikinku ya zauna ya saurari baitocinta ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko akwai wata ƙabila ko addini ko maƙwabciyar ƙasa da aka taka.

Har yanzu ina da kwali uku na tsofaffin kaset a ɗakina, da rikoda mai aiki. In kuna buƙata ku aiko a kwafa, ba na son ko sisi.

Na gode, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naku mai sauraro kullum,
Tsohon mai sayar da kaset, daga Katsina