A Bar Malamin Nan Ya Yi Raha Da Ɗalibansa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ya taso a taron iyaye da malamai na makarantar da ɗana yake, a nan Kumasi. Wasu iyaye sun nemi shugaban makaranta ya ja kunnen malamin lissafi, wai yana zubar da girmansa saboda yana zolayar yara a kan ƙwallo da mawaƙa, su ma suna mayar masa. Ni tela ne a Aboabo, ba gwanin magana a taro ba ne, shi ya sa na zaɓi in rubuto.

Malamin nan ɗan Nima ne, aiki ya kawo shi daga Accra, kuma ɗan ga-ni-kashe-nin kulob ɗin Hearts of Oak na Accra ne. Ɗana kuwa, kamar duk gidanmu, Asante Kotoko yake yi. Da yaron nan ba ya buɗe baki a aji, lissafi kuwa in ya ga littafin sai ciwon kai ya tashi. Wata rana malam ya shigo ya tambaya ko akwai wanda ya san kulob ɗin da ya zo har Kumasi ya ɗauke kofin Confederation na 2004 a bugun fenariti, 8 da 7, a gaban masu gida. Abin ya ci wa yarona rai. Da daddare ya same ni ina kan keke ina haɗa wata riga, ya ce, "Baba, da gaske ne?" Na ce gaskiya ne, amma je ka tambaye shi sau nawa suka ci babban kofin zakarun Afirka. Su sau ɗaya, a 2000. Mu 1970 da 1983. Washegari ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, biyu da ɗaya wanne ya fi yawa? Tunda kai ne mai lissafi." Aji ya fashe da dariya, malam ya fi kowa. Nan take ya zana teburin gasa a allo, nasara maki 3, kunnen doki maki 1, ya ce tunda bakinka ya buɗe, fito ka lissafa mana. Ya fita, ya yi, kuma ya yi daidai.

Tun daga nan suke haka. In ya makara, malam ya ce ga Kudus, ɗan ƙwallon Gana, ya iso, sai a minti na 80 aka sako shi. Shi kuma ya ce, "Malam, ai ɗan canji ke cin ƙwallon ƙarshe." A yi dariya, sannan ya ɗauki tsintsiya ya share aji, don zolayar ba ta taɓa ɗauke masa hukunci ba. Haka suke ja a kan mawaƙa Shatta Wale na Accra da Black Sherif na Konongo, malam na cewa Accra ce uwar kiɗa, yaro na cewa Konongo tana ƙasar Asante.

Masu ƙorafi ba maƙiya ba ne, tsoron raini suke ji, kuma ni ma a gaban malamin allo na girma, bulala a gefensa. Amma tun 2017 hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu. Malamin da aka karɓe wa bulala, da me zai riƙe yaran da waya ta cika musu kai da waƙoƙi da wasan Turai? Dole ya shiga ta ƙofar da suka bari a buɗe. Kuma mu mutanen Zango bai kamata raha tsakanin babba da ƙarami ta zame mana baƙuwa ba. Kaka na tsokanar jika. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Dagomba da Moshi, kullum muna jin su a bakin masallaci da kasuwa, ba wanda ya ce girma ya zube.

Na sa ido sosai kafin in ce komai. Ban taɓa jin malamin nan ya taɓa iyayen yaro ba, ko yagaggen takalminsa, ko makin da ya ci a jarrabawa. Ran da ɗana ya faɗi wani gwaji, a gefe ya kira shi, babu wasa a ciki. Ɗana kuma har gobe rusunawa yake yi ya gaishe shi, ya karɓar masa jaka. Da malam zai mayar da talaucin wani yaro ko jikin wata yarinya abin dariya, ni zan fara zuwa ofishin shugaban makaranta.

Roƙona ga 'yan'uwana iyaye, kafin taro na gaba kowa ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi me malam yake faɗa, a kan me ake dariyar, ya kuma buɗe littafin lissafinsa ya duba. Shugaban makaranta kuma, don Allah ya shiga ajin ya zauna a baya ko da darasi ɗaya ne kafin ya yanke hukunci. Yaran nan BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ce a gabansu baɗi, kuma ina so wannan malamin ne zai kai su.

Wassalam.

Wani uba,
Aboabo, Kumasi